Yadda Tausayin Suruki Ya Ɓata wa Gwaggo Ersilia Kare

Ranar da Ersilia ta sauko daga bas a dandalin garinmu Pietrafredda, a duwatsun Italiya, da akwatuna biyu da baƙar rigar takaba, kowa ya ɗauka ta dawo gida ne ta zauna a bakin ƙofa tana saƙa har rai ya yi halinsa. Haka duk matan da suka dawo daga Ingila suke yi. Su sayi kujera mai laushi, su rataya hoton mijin a bango, su riƙa ba maƙwabta labarin ruwan saman Bedford. Ita kuwa ko akwatunan ba ta gama kwancewa ba ta nemo sandar babanta, ta je wurin ɗan kawunta ta karɓo ragowar tumakin gidansu da karnukan da ke tare da su.

Mazan da ke zaman shan gahawa a dandali suka yi dariya har da buga tebur. Cesidio, wanda ya fi kowa garke a garin, kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan makiyayar babanta, ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo Ersilia, dutsen nan ba ɗakin wankin asibiti ba ne fa! Yaushe mace ta taɓa hawa da garke?"

"Yau," in ji ta, ta wuce abinta.

Babanta Berardino bai haifi namiji ba, don haka ita ya ja zuwa kiwo tun tana 'yar mitsitsiya. Ta iya tatsa, ta iya cuku, ta san kukan tunkiyar da ke naƙuda da na wadda ta ɓata. Sai aure ya ɗauke ta. Mijinta Panfilo ya sami aikin gasa bulo a Bedford, ta bi shi, ta shekara ashirin da wani abu tana wanki da guga a asibiti, ta haifi 'ya ɗaya, Marisa. Ƙurar bulo ta cika wa Panfilo ƙirji, ta yi ajalinsa. Marisa ta auri ɗan Ingila. Ersilia ta duba ta ga babu sauran abin da ya riƙe ta a can sai sanyi da laima.

A ɗakin gugar nan ta koyi Turanci, kuma abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda kyarkeci ba ya fita daga bakin mutanen Ingila, alhali babu ko ɗaya a ƙasarsu tun zamanin kakannin kakanni. Matar da suke guga tare takan ce tana aikin nan ne don ta kori kyarkeci daga bakin ƙofa, wai talauci take nufi. In yaro ya cika baki da abinci, a ce yana yi masa haɗiyar kyarkeci. In an sadaukar da ƙaramin ma'aikaci don manya su tsira, a ce an jefa shi ga kyarketai. Ersilia takan saurara tana ninke zanin gado. A garinmu ma muna da irinsu. Mukan ce yunwar kyarkeci, mukan ce yanayin kyarkeci in gari ya rufe da ruwa da hazo. Bambancin kawai, in mutumin Pietrafredda ya ce kyarkeci ya zo bakin ƙofa, to sanda za ka ɗauka ka fita.

Ga yadda ake tsare garke a dutsen nan tun kafin a gina cocin garin. Fararen karnuka ne manya, masu gashi kamar na tumakin kansu. Da kwikwiyo ya buɗe ido sai a raba shi da mutane a kai shi cikin turken tumaki. Nan zai kwana, nan zai ci gurasarsa da ruwan cuku, tumaki su lashe shi, rago ya tunkuye shi in ya yi rashin kunya. Ba a ɗaukarsa, ba a shafa shi, ba a ba shi abinci a hannu, ba a shigar da shi ɗaki. So ake ya tashi yana ganin tumakin nan su ne danginsa. Karen da ya girma haka, ko ana yanka shi ba zai bar garke ba. Wanda ya ɗanɗana cinyar mutum kuwa, ranar tsanani mutum zai bi.

Da wannan Ersilia ta riƙe garkenta shekara da shekaru, har gashinta ya koma fari kamar na karnukanta, mazan dandali kuma suka gaji da jiran ranar da za ta sauko tana kuka. Gwamnati ta hana kashe kyarketai, suka ƙaru a dajin da ke bayan makiyaya. Wasu makiyaya suka sayar da tumaki suka buɗe shagon sayar wa baƙi cuku. Ita ko a jikinta. Tana da Barone, babban karenta, mai ƙawanyar ƙarfe da ƙusoshi a wuya da tabon yaƙi a kunne.

Amma Barone ya tsufa, haƙoransa sun cinye, in ya tashi da safe sai ya daɗe yana miƙa. Karyar da ke taya shi ta mutu a ƙarshen hunturu, ta bar kwikwiyo ɗaya tak, na ƙarshe a jinin karnukan Berardino. In kwikwiyon nan ya tashi daidai, Ersilia da garkenta sun zauna a kan dutse. In bai tashi ba, zancen kiwo ya ƙare. Ta san wannan, Cesidio ma ya sani.

A wannan bazarar ce Marisa ta zo bikin Ista da mijinta Trevor. Mutum ne dogo, mai jan fuska, mai kirkin da har yakan gajiyar da mutum. Direban bas ne a can, kuma son karnuka ne cutarsa. Ya zo da ɗan Italiyancinsa na kame-kame, yana gaishe da kowa har da jakin limamin coci. Ranar da zai fara hawa dutse Cesidio ya yi masa addu'ar da muke yi wa duk mai tunkarar abu mai wuya, ya ce, "A bakin kyarkeci!" Amsar da aka saba bayarwa ita ce "Ya mutu!", wato kyarkecin. Trevor ya cire hula ya ce, "Na gode ƙwarai." Dandali ya kaure da dariya, wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, don mai godiya ya ɓata addu'ar ke nan.

Marisa ba hutu ya kawo ta ba. Da aka zauna cin taliya da naman ɗan rago ta ajiye cokali ta ce, "Mama, mun gyara miki ɗakin baya. Akwai hita ta ɗumama ɗaki, ga asibiti nan kusa. Ki sayar wa Cesidio tumakin nan ki huta. Shekarunki nawa?"

"Tambayi tumakin, su ba su taɓa ƙorafi ba."

Trevor ya so ya sassauta zancen. Ya yi dariya ya ce, "Mama, mu a wurinmu irinki muke kira kyarkeci ɗan kaɗaici. Yabo ne fa."

"Mu ma muna faɗa," in ji Ersilia. "Amma ka taɓa ganinsa, ɗan nan? Ni na gani. Ƙashi da fata, ƙazuwa ta cinye shi, 'yan uwansa sun kore shi, yana bin bola yana lasar gwangwani. Wannan ne yabon? Ni ina da tumaki, ina da Barone. Ku ne dai ku biyu a gida kuna kallon talabijin."

"To, na janye," in ji Trevor. "Tsohon matuƙin jirgin ruwa fa? Mu karen teku muke ce masa."

"Mu kyarkecin teku. Ka ga halinku ke nan, duk abin da ya shiga hannunku sai kun mayar da shi karen ɗaki."

Aka yi dariya, har Marisa. Da a nan zancen ya tsaya da an ji daɗi.

Kashegari Trevor ya ga kwikwiyon a turke, kwance a kan kashin tumaki, jikinsa duk ƙaiƙayi, yana rawar sanyi. Ersilia ta ga yadda fuskar surukin ta narke, ta tsaya a gabansa ta ce, "Ka ji ni da kyau. Ka kalla da ido, ban hana ka ba. Hannu kuwa ka bar shi a aljihu."

"Mama, jariri ne fa."

"Ma'aikaci ne. Ka bar shi."

Ya ce to. Kuma har ga Allah ya so ya cika. Amma kowace safiya Ersilia tana fita da garke, kwikwiyon ya rage a turke da 'yan raguna, Trevor kuma ba shi da aikin yi. Ya fara da leƙe. Daga leƙe ya kai ga guntun tsiren alade. Daga nan sai cikin riga, sai kusa da murhu, sai wanka da sabulun Marisa. Har suna ya raɗa masa, wai Bobi. Marisa tana gani tana murmushi, don a ganinta mugunta ce irin ta mutanen dā a bar ɗan tsako kamar wannan a sanyi.

Wata yamma Ersilia ta shigo turke, sai kwikwiyon ya ture 'yan ragunan ya sheƙo wurinta yana kaɗa jela, ya dafa zaninta da ƙafafun gaba. Ta sunkuya ta shinshina. Ƙamshin furanni yake yi.

Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi tsorata Trevor da Marisa. Ta shiga ɗakin girki ta tsaya a kan Trevor ta ce, "Ka san abin da ka yi?"

"Tausayi ya ba ni, Mama."

"Tausayi! Ku kun kashe kyarketanku kun bar su a baki kuna ado da su. Nawa suna can bayan itatuwan nan suna ƙirga min tumaki. Wa zai ji tausayin tumakin?"

Marisa ta ce, "Haba Mama, a kan kare?"

"A kan kare, ƙwarai. Ke jikar Berardino ce, amma kina kallo."

Suka koma Ingila rai ba daɗi. Ersilia ta tashi tsaye a kan gyaran ɓarnar. Ta ɗaure kwikwiyon a tsakiyar turke, in ya nufo ta ta buga sanda a ƙasa ta juya masa baya. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ita ma abin yana cin ranta, amma ba ta waiwaya ba. A hankali ya haƙura. Ya girma ya zama ƙaton kare mai faɗin ƙirji, ya koyi tsayuwa a gefen garke ta ɓangaren daji yayin da Barone ke riƙe da ɗaya gefen. Ta sa aka ƙera masa ƙawanyar ƙusoshi. Ta fara ce wa kanta ta yi nasara, har ta faɗa wa Cesidio haka a gaban mutane.

Bayan shekara da 'yan watanni, a ƙarshen rani, Marisa da Trevor suka sake zuwa. Garke yana can saman makiyaya, don haka Trevor bai ga karen ba, kuma ya yi rantsuwa ba zai neme shi ba. Sai wata rana da hantsi gari ya juya. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan dutsen, ruwa yana tsiyaya, mutum ba ya ganin ƙarshen sandarsa. Marisa ta tuna uwarta ta fita babu babbar riga. Trevor ya ɗauki rigar da gurasa da cuku ya kama hanya, yana haki yana zamewa, har ya same ta.

"Kai kuma me ya hawo da kai a wannan yanayi?" in ji ta. Ta karɓi rigar, kuma ta ji daɗi a ranta, ba za a ɓoye ba. "Maza ka sauka. Kada ka kira shi, kada ka yi fito."

Bai kira ba, bai yi fito ba. Ko kallon inda karen yake bai yi ba. Amma kare ba da ido yake gaisuwa ba. Iska ta kai masa ƙamshin mutumin da ya taɓa sa shi a cikin riga, sai ya bar gefensa shiru ya bi sawun Trevor cikin hazo.

Ersilia ba ta ga tafiyarsa ba. Abin da ta fara ji shi ne tumaki sun daina cin ciyawa. Sai haushin Barone, irin wanda bai taɓa yi wa dila ko baƙo ba. Ta kira ƙaramin karen, shiru. Ta sake kira. Daga gefen da ya bari a buɗe kyarketai suka shigo, ba ta ma san ko su nawa ba ne, inuwoyi ne masu launin toka suna ratsa garke. Ta ruga tana ihu tana kaɗa sanda, ta faɗi, ta tashi, ta yi ta jifa da duwatsu. Barone ya ratso garken da tsofaffin ƙafafunsa ya faɗa musu shi kaɗai. Ta ji faɗan yana nisa yana gangarawa cikin kwari, har ta daina ji.

Da hazon ya yaye ta tattara abin da ya saura. Tumaki da yawa suna kwance an farke musu wuya, har da masu ciki. Barone ta same shi a mace a bakin rafi. Ƙawanyar ta tsare masa wuya, sai suka farke masa ciki. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannu a kan kansa, abin da ba ta taɓa yi ba tsawon rayuwarsa, ta yi kuka irin wanda ko a jana'izar Panfilo ba ta yi ba.

Da ta koro garken gida ta tura ƙofar ɗakin girki, ga ƙaton karen nan kwance ƙarƙashin tebur, ya ɗora haɓa a kan takalmin Trevor. Trevor ya ga jini a zaninta ya miƙe, fuskarsa ta yi fari fat.

"Sai a bakin gari na ga yana bina, Mama. Na kore shi, ya ƙi. Na rantse ban kira shi ba."

"Na sani," in ji ta. "Tun bara ka kira shi."

Labari ba ya kwana a Pietrafredda. Da safe Ersilia ta fito dandali, Marisa tana biye da ita tana magiya, ta tarar da mazan sun cika tebura. Cesidio ya cire hula, ya yi mata jaje yadda ya kamata, sannan ya ce, "Gwaggo, kin yi abin da ko namiji bai yi ba, kowa ya shaida. Yanzu dai ki bar min ragowar da makiyayar, ba zan cuce ki ba. Ki bi 'yarki."

"Karyarka ta haihu, ko ba haka ba?"

Cesidio ya yi tsuru-tsuru. "Ta haihu."

"Ina son kwikwiyo. Namiji, wanda ba a taɓa ba."

A dutsen nan ba a sayar da kwikwiyon garke, kuma makiyayin da ya rasa karensa in ya roƙa ba a hana shi. Wanda ya hana, ranar da nasa ya mutu babu ƙofar da zai buga. Cesidio ya dubi mazan, mazan suka dubi kofunansu.

"Sai ya kusa shekara biyu kafin ya iya tsaya wa kyarkeci," in ji shi. "Kafin nan wa zai tsare miki garke?"

"Ni."

"Ke? Da wane haƙori?"

"Da wanda ya rage. Ka aiko min da shi kafin azahar, kuma a kwando, kada 'ya'yanka su rungumo shi."

Ya aiko.

Ranar tafiyarsu Trevor ya tsaya a bakin mota yana murza hula, idonsa ja. Ya ce, "Mama, ba za mu iya tafiya mu jefa ki ga kyarketai ba."

"Ba ku jefa ni ba, ɗan nan. A nan kuka tarar da ni." Ta miƙa masa igiyar ƙaton karen, ta riga ta cire masa ƙawanya. "Ungo Bobinka. Ɗan Ingila ne yanzu. Ka riƙe shi da kyau, ba laifinsa ba ne, kai ma ba mugu ba ne. Ka dai yi abin da ka iya."

Marisa ba ta yi kuka ba. Ta gaji taurin kan uwarta tsaf, abin da ya sa suka kasa zama inuwa ɗaya ke nan. Ta ce, "Mama, kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na gaji. In kika zaɓi tumakin nan, ni ba zan ƙara hawo dutsen nan ba sai ranar da za a binne ki."

Maganar ta soki Ersilia har ƙashi. 'Yarta ke nan guda ɗaya a duniya, kuma ta san Marisa ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ta dube ta da kyau, ta gyara mata wuyan riga, ta ce, "To ki zo da takalmi mai ƙarfi. Hanyar maƙabarta duk duwatsu ce."

Ba ta tsaya ganin tashin motar ba, don rana ta yi kuma tumaki suna kuka a turke. Ta leƙa sabon kwikwiyon, ta gan shi ya cusa kai cikin gashin wata tsohuwar tunkiya yana barci. Ta buɗe ƙofa ta kora garken sama. A rabin hanya ta zauna a kan dutse, ta hango motar can ƙasa tana bin kwane-kwanen hanya har ta shige bayan tsauni. Hawaye suka zubo, ta bar su suka zuba. Da ta ɗago kai tumaki sun yi gaba, ba su jira ta ba, dole ta tashi.

A saman makiyaya ta zagaya garken ta tsaya ta ɓangaren daji, inda babu kowa yanzu sai ita. Ta kafa sanda a ƙasa, ta juya wa tumakin baya, ta fuskanci itatuwan. Ta ja numfashi ta ɗaga tsohuwar muryarta har kwari ya amsa.

"Ku da ke ciki, kuna ji na? Ersilia ce, 'yar Berardino! Ban tafi ba!"